Lirabin Sunaye a Rubutun Sulallan Rumawa: Nazari a Kan Ɗafa-ƙeyar Harshen Latin

1.0 Gabatarwa

Daga cikin kayan tarihin da daular Rum ta bari, sulalla suna cikin waɗanda suka fi yawa da bazuwa. An tsince su a Ingila, da Arewacin Afirka, har da kudancin Indiya, kuma kusan kowannensu yana ɗauke da rubutu. Rubutun gajere ne ƙwarai, galibi suna ne da jerin laƙabobi, an kuma datse mafi yawan kalmomin saboda ƙarancin fili. Duk da haka yana bin ƙa'idojin nahawun Latin sau da ƙafa, ta yadda harafi ɗaya a ƙarshen suna kan bambance wanda ya bayar da wanda aka bai wa, ko uba da ɗansa. Mai karatun da bai kula da wannan harafi ba yana iya juya tarihi a baibai.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ɗafa-ƙeyar sunaye ke aiki a waɗannan rubuce-rubuce, da nuna wuraren da take rikitarwa, tare da kwatanta ta da hanyoyin da Hausa ke bi wajen isar da irin wannan ma'ana. Kalmar "sulalla" a nan tana nufin duk wani kuɗin ƙarfe, na zinariya ne ko na azurfa ko na tagulla. "Gaba" shi ne ɓangaren da kan sarki yake, ɗayan kuwa "baya". K.M. na nufin Kafin Miladiyya. Shekarar da ba a sa wa alama ba ta Miladiyya ce. A lura kuma cewa Rumawa da manyan baƙaƙe suke wannan rubutu, harafin V yana wakiltar sautin /u/ da /w/, harafin I kuma /i/ da /y/.

2.0 Tsarin Lirabi a Harshen Latin

A Hausa, gurbin da suna ya zauna a jimla shi ke nuna aikinsa. "Audu ya ga Bala" daban yake da "Bala ya ga Audu", alhali sunayen ba su sauya sura ba. A Latin kuwa ƙarshen sunan ne ke sauyawa, kamar yadda ɗaliban Larabci suka sani a babin lirabi, inda rufu'a da fataha da kisira ke bambance fa'ili da maf'uli da abin da aka raɓa wa wani. Sai dai lirabin Larabci uku ne a suna, na Latin kuwa shida ne. A wannan maƙala za a kira su kamar haka: lirabin aikau, da na kira, da na karɓau, da na mallaka, da na amfanau (wanda aka yi wa abu ko aka yi domin sa), da na bayanau (mai nuna lokaci, ko wuri, ko hali, ko abin da aka yi aiki da shi). Na shidan babu shi a Girkanci, shi ya sa Barro, masanin nahawun Rumawa na ƙarni na ɗaya K.M., ya kira shi lirabin Latin.

Sunayen Latin sun kasu aji biyar, kowane aji da jerin ɗafa-ƙeyarsa. Sunayen mutane kusan duka suna cikin azuzuwa uku na farko. Ga misalansu a tilo:

(1) Aji na ɗaya, na biyu, da na uku
Aikau: Faustina, Traianus, Nero
Kira: Faustina, Traiane, Nero
Karɓau: Faustinam, Traianum, Neronem
Mallaka: Faustinae, Traiani, Neronis
Amfanau: Faustinae, Traiano, Neroni
Bayanau: Faustina, Traiano, Nerone

Idan aka dubi wannan jeri za a ga tarko iri biyu. Na farko, ɗafi ɗaya yakan yi aiki biyu a cikin aji ɗaya: -ae mallaka ce kuma amfanau ce, haka -o amfanau ce kuma bayanau ce. Na biyu, ɗafi ɗaya yakan yi aiki daban a azuzuwa daban: -i ta Traiani tana nufin "na Tarajan", amma -i ta Neroni tana nufin "ga Niro". Ke nan sanin ɗafin kaɗai bai wadatar ba, sai an san ajin da sunan yake. Kama da wane, in ji Bahaushe, ba wane ba ce.

3.0 Sunaye a Zamanin Jamhuriya

Girkawa sun riga Rumawa buga sulalla, kuma al'adarsu ita ce sanya sunan masu kuɗin a lirabin mallaka, wato "na mutanen gari kaza" ko "na sarki wane". Sulallan azurfa na farko da Rumawa suka buga a ƙarni na uku K.M. sun bi wannan sawu, domin suna ɗauke da kalmar ROMANO, wadda masana suka ɗauka tsohuwar sura ce ta mallakar jam'i, wadda daga baya ta zama Romanorum, "na Rumawa". Bayan ɗan lokaci aka maye gurbinta da ROMA, sunan birnin kansa. Da wannan kalma aka fara buga dinari wajen shekara ta 211 K.M., ana tsakiyar yaƙi da Hanibal na Kartaj.

A ƙarni na biyu K.M. jami'an maƙerar kuɗi, waɗanda mutum uku ne a kowace shekara, suka fara sanya sunayensu. Cikakken sunan Barume ɗa ya ƙunshi sunan yanka, da sunan dangi, da laƙabin gida, sannan akan cusa sunan uba a tsakani. Dubi waɗannan:

(2) C VIBIVS C F PANSA (wajen 90 K.M.)
(3) M FOVRI L F PHILI (wajen 119 K.M.)
(4) Q POMPONI MVSA (tsakiyar ƙarni na ɗaya K.M.)

Misali na (2) a fili yake, domin Vibius da Pansa duka lirabin aikau ne. C ta farko tana nufin Gaius, ta biyu kuwa Gai ce, mallaka, saboda F (filius, "ɗa") da ke biye da ita: "Gayus Bibiyus Fansa ɗan Gayus". Dalilin rubuta sunan da C shi ne, a tsohuwar Latin harafin yana wakiltar /k/ da /g/ duka, kuma gajarcewar ta daskare a haka bayan an ƙirƙiro G. A nan akwai bambanci da Hausa da ya kamata a lura da shi. A "ɗan Gayus" maɗanganci -n yana manne da abin mallaka, yana kuma bin jinsinsa ("ɗan", "'yar"). A Latin kuwa mai mallakar ne ke ɗaukar alama, filius ko filia ba su sauya ba.

A misali na (3), Fouri da Phili duka mallaka ne daga Fourius Philus, ma'ana kuɗin "na" wane ne. Harrufan OV tsohon rubutu ne na abin da ya zama doguwar /u/ a Furius. Wanda ya saba da wannan zai ɗauka cewa POMPONI ta misali na (4) ita ma mallaka ce. Amma laƙabin da ke biye ya ƙaryata haka, domin Musa aikau ne, da mallaka ce da an rubuta Musae. Saboda haka POMPONI datsattsen Pomponius ne. (Wannan Musa ba shi da alaƙa da sunan Annabi Musa, sunan allolin waƙa da fasaha ne na Girkawa, kuma jami'in ya yi wasa da sunansa ta hanyar zana su a bayan sulallan.) Ƙa'idar da ta fito daga nan ita ce, duk sassan sunan mutum ɗaya dole su dace a lirabi, don haka sashen da aka rubuta cikakke shi ke warware sauran.

4.0 Lirabin Aikau da na Mallaka a Zamanin Sarauta

Yuliyas Kaisar shi ne Barume na farko da aka buga kansa a sulallan birnin Rum yana raye, a farkon shekara ta 44 K.M., da rubutun CAESAR DICT PERPETVO, "Kaisar, mai cikakken iko na har abada". An kashe shi ranar 15 ga Maris na wannan shekara, aka kuma ɗaukaka shi zuwa matsayin abin bauta a 42 K.M. Magajinsa, wanda aka yi wa laƙabin Agustas a 27 K.M., ya ci gajiyar wannan ta hanyar kalmomi biyu kacal, DIVI F, wato Divi filius, "ɗan abin bauta". Daga nan tsarin ya zauna: sunan sarki mai ci a lirabin aikau, sunan wanda ya gada a lirabin mallaka. Dinarin Tibariyas (14 zuwa 37) misali ne:

(5) TI CAESAR DIVI AVG F AVGVSTVS
Tiberius Caesar Divi Augusti filius Augustus

Kalmar Agustas ta zo sau biyu, amma mutum biyu take nufi. AVG ta farko tana tsakanin DIVI da F, don haka mallaka ce, tana nufin marigayin. Ta ƙarshe an rubuta ta cikakkiya da -us, laƙabin Tibariyas ne da kansa. Wanda ya warware ta farkon a matsayin Augustus ya mai da Tibariyas abin bauta ke nan, alhali majalisar dattawan Rum ba ta taɓa ba shi wannan matsayi ba ko bayan mutuwarsa.

Babu inda siyasa ta bayyana a cikin lirabi kamar a sulallan farkon mulkin Niro. Ya hau mulki a shekara ta 54 yana ɗan shekara 16, mahaifiyarsa Agirifina kuma ita ke juya al'amura. Sulallan zinariya da azurfa na wannan shekara sun nuna kawunansu biyu suna fuskantar juna, da wannan rubutu:

(6) Gaba: AGRIPP AVG DIVI CLAVD NERONIS CAES MATER
Baya: NERONI CLAVD DIVI F CAES AVG GERM IMP TR P

Kalmar mater, "uwa", aikau ce, don haka Agirifina ce ke riƙe da lirabin aikau a gaban sulen. Sunan sarki ya zo a mallaka, Neronis, a matsayin bayani a kanta kawai: "Agirifina Agusta, matar Kalaudiyas abin bauta, uwar Niro Kaisar". Nasa laƙabobin an tura su baya, a lirabin amfanau, Neroni. A shekara ta 55 sai al'amarin ya juye: aka dawo da sunansa gaba a lirabin aikau, NERO CLAVD DIVI F, nata kuma ya koma baya. Ba a daɗe ba ta ɓace daga sulallan birnin Rum gaba ɗaya, kuma a shekara ta 59 ɗan nata ya sa aka kashe ta. Sauyin Neronis zuwa Nero, harrufa uku ne kurum, amma ya yi daidai da sauyin da ya auku a fada.

5.0 Lirabin Amfanau

Aikin da Hausa ke yi da "wa" ko "ma" ko "ga", kamar a "an gina wa sarki gida", shi Latin ke yi da wannan lirabi. Shi ne lirabin sadaukarwa a jikin gumaka da gine-gine, daga can kuma ya shigo sulalla. Wanda ya fi shahara da shi shi ne Tarajan (98 zuwa 117). A farkon mulkinsa ana rubuta NERVA TRAIAN, amma daga wajen shekara ta 103 sai aka koma ga wannan:

(7) Gaba: IMP CAES NERVAE TRAIANO AVG GER DAC P M TR P COS V P P
Baya: S P Q R OPTIMO PRINCIPI

Gaba da bayan sulen jimla ɗaya ce wadda aka shafe aikatau ɗinta. Aikau yana baya, Senatus Populusque Romanus, "majalisar dattawa da al'ummar Rum", su ne suka sadaukar "ga mafificin shugaba". Traiano kaɗai tana iya zama amfanau ko bayanau, Nervae kaɗai tana iya zama mallaka ko amfanau, amma da aka haɗa su, amfanau ce kawai suka yi tarayya a kanta. Principi, ta aji na uku, ta ƙara tabbatar da haka. Nerva kuma shaida ce cewa ba duk sunan da ya ƙare da -a ne na mace ba.

Da zarar an gane lirabin, dole a warware gajarce-gajarcen da shi: Imperatori Caesari Nervae Traiano Augusto Germanico Dacico pontifici maximo, sannan consuli da patri. Sai dai akwai kalmomin da ba su bin wannan sauyi. TR P, wato tribunicia potestate, "da ikon wakilin talakawa", bayanau ce. Haka P ta biyu a P P, patriae, "na ƙasa", mallaka ce ko da ta farkon ta tashi daga pater zuwa patri. Alƙaluman da ke biye da muƙamai su ke ba da kwanan wata: COS V na nufin tsakanin 103 da 111, domin Tarajan ya karɓi muƙamin karo na shida a 112.

Akan sami lirabi biyu ga mutum ɗaya a sule ɗaya. Bayan rasuwar Antoninas a 161 an buga sulalla masu DIVVS ANTONINVS a gaba, a matsayin bayanin hoton, da DIVO PIO a baya, a gefen bagade ko ginshiƙin da aka sadaukar masa. Alloli ma haka ake yi musu: IOVI CONSERVATORI, "ga Jufita mai kiyayewa", da SOLI INVICTO COMITI a sulallan Kustantin, "ga Rana marar rinjayuwa, abokin tafiya". Wanda bai san cewa saiwar Iuppiter takan koma Iov- a sauran lirabi ba, zai ɗauka wani abin bauta ne daban.

6.0 Matsalar Ɗafin -ae

Sunayen mata su suka fi jawo ruɗani. Kaligula (37 zuwa 41) ya buga babban sulen tagulla don tunawa da mahaifiyarsa, Agirifina babba, wadda ta rasu a zaman gudun hijirar dole a shekara ta 33. A bayansa an rubuta:

(8) S P Q R MEMORIAE AGRIPPINAE

Kalmomi biyu ne a jere masu ƙarshe iri ɗaya, amma ta farko amfanau ce, ta biyu mallaka: "domin tunawar Agirifina". Ma'ana ce kaɗai ta raba su. Haka kuma a sulallan Fostina ƙarama, 'yar Antoninas:

(9) FAVSTINAE AVG PII AVG FIL

AVG ta farko Augustae ce, mace, ta biyu Augusti ce, namiji a mallaka saboda Pii, FIL kuma filiae ce. Gajarcewa ɗaya ta ɗauki jinsi biyu a layi ɗaya.

Mafi ban mamaki shi ne wasu sulallan zinariya na Galiyenas (253 zuwa 268), masu ɗauke da kansa da gemunsa, amma rubutun ya ce GALLIENAE AVGVSTAE, da ɗafin mace. Magabatan masana sun ɗauka ba'a ce abokan gabansa suka yi masa. Wasu sun danganta abin da addini, cewa sarkin ya haɗa kansa da wata allahiya. Ra'ayi na uku na masana harshe ne. A wancan zamani tagwan wasali /ai/ da ake rubutawa AE ya riga ya koma /e/ a bakin jama'a, har marubuta suna musanya AE da E. In haka ne, abin da aka yi nufi shi ne Galliene Auguste, lirabin kira, "ya Galiyenas Agustas", irin kirarin da taro kan yi wa sarki, sai maƙeri ya wuce gona da iri wajen gyaran rubutu. Har yanzu ba a yi ittifaƙi ba, amma misalin ya nuna yadda sauyin furuci kan gurɓata alamar lirabi.

7.0 Lirabin Bayanau da Tsawon Wasali

Latin tana da wani gini da take haɗa suna da sifa 'yar aikatau, duka a lirabin bayanau, su ba da ma'anar da Hausa ke bayarwa da "bayan an" ko "da aka". Gajartarsa ta sa ya dace da sulalla:

(10) AEGVPTO CAPTA (28 K.M.), "bayan an ci Masar"
(11) SIGNIS RECEPTIS, "da aka karɓo tutoci"
(12) IVDAEA CAPTA (71)

Misali na (11) yana nuni ga tutocin da Fartiyawa suka ƙwace a yaƙin Karai a 53 K.M., suka mayar wa Agustas a 20 K.M. A misali na (10), Aegyptus mace ce duk da ƙarewarta da -us, shi ya sa sifar ta zo capta, kuma -o ta nuna lirabin a fili. Misali na (12), wanda Basfasiyan ya buga bayan faɗuwar Ƙudus a shekara ta 70, shi ne mai wuya. A aji na ɗaya, aikau yana ƙarewa da gajeriyar /a/, bayanau da doguwa, amma rubutun Latin na yau da kullum bai nuna tsawon wasali. Don haka ana iya karanta shi "Yahudiya cinyayya", a matsayin bayanin hoton matar da ke zaune cikin baƙin ciki a gindin dabino, ko kuma "bayan an ci Yahudiya". Misali na (10) yana goyon bayan karatu na biyu. Amma wani sulen Tarajan na wajen 116 yana goyon bayan na farko, domin ya ce ARMENIA ET MESOPOTAMIA IN POTESTATEM P R REDACTAE, kuma redactae aikau ce ta jam'i, da bayanau ce da an ce redactis. Ke nan salon biyu duka suna nan, rubutun kuma bai isa ya yanke hukunci ba.

Wannan matsala ba baƙuwa ba ce ga masanin Hausa. Rubutun boko shi ma bai nuna tsawon wasali, alhali tsawon wasalin ƙarshe yana da aiki a nahawu, kuma a wurare masu kama da waɗannan. Suna kan gajarce wasalinsa idan ya zama bayanau: raanaa da "da raana", daree da "da dare", idoo da "a ido". Haka gama-garin suna idan ya zama sunan yanka: baaƙoo da Baaƙo, doogoo da Doogo. Mai harshen ba ya jin wahala, domin kunnensa yana cike giɓin. Barume ma haka yake a zamaninsa. Wahalar takan faɗa kan wanda ya zo bayan masu harshen sun ƙare, ba abin da ya rage masa sai rubutu.

Cikakkiyar jimla mai aikatau ba ta da yawa a sulalla, amma akwai ta Niro ta wajen 64 zuwa 67:

(13) PACE P R TERRA MARIQ PARTA IANVM CLVSIT

Pace da parta su ne ginin da aka ambata, terra da mari bayanau ne na wuri, Ianum karɓau ne, aikau kuwa shi ne sunan sarki da ke gaban sulen: "Da aka samu zaman lafiya a tudu da teku, ya rufe Yanus", wato ƙofofin ɗakin bautar da ba a rufewa sai babu yaƙi. P R na iya zama populi Romani ko populo Romano, "na al'ummar Rum" ko "ga al'ummar Rum", gajarcewar ta haɗiye bambancin. Haka lamarin yake a shahararren dinarin Burutas na 42 K.M. mai EID MAR, wanda galibi ake warwarewa Eidibus Martiis, "a ranar tsakiyar Maris", ranar kisan Kaisar. S C da ke bayan sulallan tagulla kuwa senatus consulto ce, "bisa shawarar majalisa": senatus mallaka ce ta aji na huɗu, wadda tsawon wasali ne kawai ya raba ta da aikau.

8.0 Jam'i a Cikin Gajarcewa

Da yake datse kalma yana kawar da ɗafin da ke nuna adadi, sai marubuta suka ƙirƙiro dabarar ninka harafin ƙarshe na gajarcewar. AVGG na nufin sarakuna biyu, AVGGG uku, CAESS Kaisarori biyu, DD NN kuma "iyayengijinmu". Dabarar ta bazu daga ƙarshen ƙarni na biyu zuwa na uku, lokacin da haɗin gwiwa a mulki ya yawaita. Karausiyas, wanda ya ɓalle da Birtaniya daga 286 zuwa 293, ya buga sulalla masu PAX AVGGG. Halattattun sarakuna a lokacin biyu ne, Diyokiletiyan da Maksimiyan. G ta uku iƙirari ne cewa shi ne na ukunsu, iƙirarin da su biyun ba su amince da shi ba.

Wannan al'ada ta iso Nijeriya ta hannun Turawan mulkin mallaka. Sulen Afirka ta Yamma na zamanin Sarki Joji na Biyar yana ɗauke da GEORGIVS V D G BRITT OMN REX F D IND IMP. Georgius da rex da imperator aikau ne, Dei gratia mallaka ce da bayanau, "da alherin Ubangiji", T biyu na BRITT kuwa alamar jam'i ce, Britanniarum, daidai da G biyu na AVGG. Harafin d da ake rubuta kwabo da shi kafin shigowar naira ranar 1 ga Janairu, 1973, daga denarius yake, kalmar da ta shiga Larabci ta zama dinar.

9.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata ana iya fitar da matakai huɗu na karanta sunan da ke jikin sulen Rumawa. Na farko, a nemi kalmar da aka rubuta cikakkiya, domin ita ke nuna lirabin sauran. Na biyu, a tantance ajin sunan kafin a yanke hukunci a kan ɗafinsa. Na uku, a ware sunan uba ko miji, wanda ke zuwa a mallaka kusa da F ko DIVI, daga sunan mai sulen. Na huɗu, a karanta gaba da baya tare, domin sau da yawa jimla ɗaya ce.

Raunin da aka gani a tsarin, wato haɗuwar AE da E, da ɓacewar bambancin tsawon wasali, tare da faɗuwar -m ta ƙarshen kalma a furuci, su ne daga cikin dalilan da suka rusa lirabi a harsunan da Latin ta haifa. Italiyanci da Faransanci sun koma dogaro da jerin kalmomi da harrufa, kamar yadda Hausa ke yi, kuma sunan Niro a cikinsu, Nerone da Néron, ya fito ne daga saiwar Neron- ta lirabin karɓau. Ga masu tsara ƙa'idojin rubutun harsunan Nijeriya, waɗanda tsawon wasali da karin sauti ke ɗauke da nauyin nahawu a yawancinsu, IVDAEA CAPTA abin dubawa ce a duk lokacin da ake muhawara a kan abin da ya kamata rubutu ya nuna da wanda za a bar wa mai karatu ya cike da kansa.